Nicodemus: me ya kwashe mutanen ƙauyen, kuma me ya hana shi mutuwa?

Tambaya: "Assalamu alaikum, Malam. Ni malamin gona ne, kuma ina shirin zuwa wani gajeren kwas a Jami'ar Jihar Kansas da ke Amurka. Cikin abubuwan da nake karantawa game da jihar na ci karo da labarin wani ƙauye mai suna Nicodemus, wanda aka ce 'yantattun bayi ne suka kafa shi, ya bunƙasa na ɗan lokaci, amma yau mazaunansa ba su kai ashirin ba. Shin wariyar launin fata ce ta durƙusar da shi, ko fari ne, ko kuwa wani abu dabam? Kuma ta yaya wurin da mutanensa suka watse ake ci gaba da kiransa gari mai rai?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya kai ka lafiya, Ya sa a yi karatu mai amfani. Tambayarka kashi biyu ce, wato abin da ya rage yawan mutanen Nicodemus da kuma abin da ya riƙe sunansa har yau, kuma duka biyun ba za su fito fili ba sai an fara fahimtar yadda aka tsara zama a shimfiɗaɗɗun filayen ciyawa na tsakiyar Amurka. Na daɗe ina koyar da tarihin noma da na karkara, kuma a nan ne ɗalibanmu suka fi yin tuntuɓe, domin da zarar sun ji an ce ƙauye sai su hango irin namu.

A wajenmu manomi a cikin gari yake kwana, da safe ya ɗauki fartanya ya nufi gona, da yamma ya dawo. A Kansas dokar rabon fili ta 1862 ce ta juya wannan tsari. Gwamnati ta auna ƙasar, wadda ta karɓe daga hannun ƙabilun asali, ta yanka ta murabba'i-murabba'i, kowane yanki eka 640, sannan ta raba kowanne gida huɗu. Duk wanda ya biya 'yan kuɗin rajista, dala 18 gaba ɗaya, za a ba shi eka 160, kimanin hekta 65, bisa sharaɗin ya gina gida a kan filin, ya zauna a cikinsa, ya noma shi har shekara biyar kafin a ba shi takardar mallaka. Wannan sharaɗi na zama a kan gona shi ya warwatsa iyalai, kowane gida da tazara mai yawa tsakaninsa da maƙwabcinsa. Abin da ake kira gari kuwa wuri ne da manoman kewaye ke zuwa domin sayar da hatsi, sayen gishiri da kananzir, gyaran garma wurin maƙeri, karɓar wasiƙa, kai yara makaranta da halartar coci. Saboda haka ran garin yana hannun abubuwa biyu: yawan iyalan da ke gonakin kewaye, da kuma ko suna da dalilin zuwa nan maimakon wani garin.

Yadda aka kafa shi

Yaƙin basasar Amurka ya ƙare a 1865 kuma an haramta bauta, amma a 1877 gwamnatin tarayya ta janye sojojinta daga harkokin jihohin Kudu, baƙar fata suka ga alamar cewa 'yancin da suka samu zai koma na takarda kawai, ga shi kuma mafi yawansu ba su da ko taƙi ɗaya na ƙasa. Kansas tana da suna a wajensu, domin ta shiga tarayya a 1861 a matsayin jihar da ba a bauta a cikinta. A watan Afrilun 1877 wani Bature dillalin filaye mai suna W. R. Hill ya haɗa kai da wasu baƙar fata, ciki har da wani limamin coci, W. H. Smith, suka kafa kamfanin da zai yanka gari a gundumar Graham, a gefen kogin Solomon ta Kudu, arewa maso yammacin jihar. Suka bi coci-coci a jihar Kentucky, musamman yankin Lexington da Georgetown, suna tallar wurin da takardu masu cike da alkawura. A watan Satumba na wannan shekara ayarin mutum kimanin 300 ya iso, wani kuma ya biyo baya a farkon 1878.

Jirgin ƙasa a garin Ellis ya sauke su, daga nan suka yi tafiyar sama da kilomita 50, mafi yawa a ƙafa. Wata mata mai suna Willianna Hickman, matar wani limamin coci da ta zo cikin ayarin 1878, ta ba da labari bayan ta tsufa cewa da suka matso maza suka yi ta sowa wai ga Nicodemus, ita kuwa ta duba iyakar ganinta ba ta ga komai ba, sai mijinta ya nuna mata hayaƙi da ke fitowa daga cikin ƙasa nan da can, ya ce shi ke nan garin. Ta ce sai ta fashe da kuka. Mutanen da suka baro Kentucky mai itatuwa da tsaunuka sun tarar da wurin da babu katakon gini, don haka suka haƙa ramuka a jikin gaɓar rafi da gefen tudu suka rufe samansu, suka zauna a ciki. Daga baya suka koyi yanko ƙasa mai haɗe da saiwar ciyawa, su jera ta kamar tubali su yi bango, sai can gaba masu hali suka fara gini da wani farin dutse mai laushi da ake haƙowa a yankin.

Ayarin Satumba ya iso ne bayan lokacin shuka ya wuce, ga hunturu mai dusar ƙanƙara a gaba, ga babu dabbobin huɗa. Wasu da dama sun juya tun a makonnin farko. Waɗanda suka tsaya sun yi wuta da busasshen kashin ɓauna da karan ciyawa, sun tattara ƙasusuwan ɓaunar da mafarauta suka karkashe suna sayarwa, mazan kuma sun tafi ƙwadago a garuruwan da ke kan layin dogo. Zuriyarsu har yau suna ba da labarin wasu 'yan ƙabilar Osage da suka biyo ta wurin daga farauta suka raba musu nama. Da bazara ta zo, akwai waɗanda da shebur da fartanya suka fasa ƙasar, wadda saiwar ciyawa ta saƙe ta tun fil azal, alhali maƙwabtansu masu jari suna huɗa da dawakai.

A aikina na fi son karanta fayilolin da manoman irin wannan yanki suka cika a ƙarshen shekara biyar ɗin nan, lokacin neman takardar mallaka. Mai nema zai bayyana girman ɗakinsa, da abin da aka gina shi da shi, da yawan ƙofofi da tagogi, da ko ya haƙa rijiya, da eka nawa ya fasa, sannan maƙwabta biyu su yi rantsuwa cewa lallai a nan yake zaune. Idan ka jera fayilolin unguwa ɗaya sai ka ga sunaye iri ɗaya suna ta dawowa, yau wannan ya tsaya wa wancan shaida, wata mai zuwa wancan ya tsaya masa. Daga irin wannan takarda maras armashi ake gane wa ke dogara da wa, kuma zumuncin da ake yaba wa Nicodemus a kansa yau daga nan ya samo tushe, tun da yawancin iyalan dama 'yan coci ɗaya ne ko dangin juna tun daga Kentucky.

Shekarun bunƙasa da maganar layin dogo

Zuwa tsakiyar shekarun 1880 damina ta yi kyau a jere, garin kuma ya tashi. Akwai shagunan kayan masarufi, da maƙera, da wuraren ajiye dawakai, da banki, da coci-coci, da makaranta, da ƙungiyar adabi da ta 'yan badujala, har da jaridu biyu, Western Cyclone da aka fara a 1886 da Nicodemus Enterprise a 1887. Z. T. Fletcher, wanda ya riƙe gidan waya tun farko, ya gina masaukin baƙi na St. Francis, matarsa Jenny kuma ita ta fara koyar da yara a cikin ɗakinsu na rami. Cikin 'yan kasuwar garin akwai Turawa, ana ciniki tare. Siyasa ma ba a bar su a baya ba: Edward P. McCabe, wanda ya zo a 1878, an zaɓe shi babban mai binciken kuɗi na jihar Kansas a 1882, aka sake zaɓensa a 1884, abin da ba a saba gani ba ga baƙar fata a wajen jihohin Kudu a wancan zamani.

Duk wannan gini an yi shi ne bisa tsammanin zuwan jirgin ƙasa. Alkama kaya ce mai nauyi da araha, kuma manomin da zai ɗora ta a keken doki ba zai wuce inda zai je ya dawo a yini ɗaya ba. Wannan ne ya sa za ka ga garuruwan yankin jere a kan layin dogo da tazarar kilomita goma zuwa goma sha biyar, kowanne da dogon rumbunsa na hatsi a bakin layi. Garin da jirgi ya tsaya a cikinsa ya sami kasuwa, wanda ya kauce wa kuma sai dai ya yi kallo. Mutanen Nicodemus sun san haka sarai, shi ya sa a 1887 suka kaɗa ƙuri'ar amincewa da ɗaukar bashin dala 16,000 domin jawo kamfanin Missouri Pacific. Kamfanin ya tsaya a Stockton, kimanin kilomita 30 daga gabas, bai ƙaraso ba. A 1888 Union Pacific ya shimfiɗa nasa layin, amma ta kudancin kogin, ya kafa tasha kimanin kilomita goma daga Nicodemus, inda sabon gari mai suna Bogue ya tsiro. Cikin ɗan lokaci 'yan kasuwa suka kwashe kayansu suka koma can, wasu har da gine-ginensu suka ja. Jaridun suka rufe, banki ya tafi.

To, a nan ne tambayarka ta wariya take da ƙarfi, kuma masana sun sha bamban a kai. Masu ganin da gangan aka kauce wa garin suna da hujja: gari ne ginanne mai kasuwa, ya yi tayin kuɗi, kuma zamani ne da ƙyamar baƙar fata ke ƙaruwa a siyasar Kansas, har jam'iyyar McCabe ta ƙi sake tsayar da shi, ya ƙaura zuwa Oklahoma inda ya taimaka wajen kafa garin Langston. A ɗaya ɓangaren, kamfanonin jirgi sun saba yin haka ga garuruwan Turawa ma, saboda idan suka tsallake tsohon gari suka yanka sabo a filin da su ko abokan cinikinsu suka mallaka, ribar sayar da fulotai tasu ce. Taswirar yammacin Kansas cike take da kufai na garuruwan da aka yi wa wannan wayo. Ra'ayina shi ne kwaɗayin kuɗin fuloti ya isa ya bayyana abin da ya faru, amma launin fatar mutanen ya sa ba su da wani mai faɗa a ji da zai tsaya musu a inda ake yanke shawara. Iyakar abin da takardu za su iya nunawa ke nan, domin niyyar da ke zuciyar shugabannin kamfani ba kasafai ake rubuta ta ba, kuma duk wanda ya yanke maka hukunci kai tsaye a kan wannan batu ya wuce abin da hujja ta ba shi.

Fari, injina da bashi

Rashin jirgi kasuwar garin ya kashe, manoman kuwa suna nan a gonakinsu, har ma filin da ke hannun baƙar fata a yankin ya ƙaru a farkon ƙarni na 20. Shaida ita ce a wannan lokacin ne aka kammala ginin cocin First Baptist a 1907, aka kuma gina sabuwar makaranta a 1918. Abin da ya kwashe manoman ya zo ne daga baya, kuma a hankali.

Na farko shi ne ruwan sama. Yankin yana samun kimanin milimita 500 zuwa 550 a shekara, kuma ba shi da tabbas. Tun a 1878 John Wesley Powell, masanin ƙasa na gwamnati, ya yi gargaɗi a rahotonsa cewa eka 160 ba za ta riƙe iyali ba a busassun yankunan yamma, amma aka yi kunnen uwar shegu da maganarsa. A shekarun 1930 fari ya haɗu da karyewar tattalin arziki, farashin alkama ya faɗi warwas, iska ta riƙa kwashe ƙasar da aka yi shekara hamsin ana huɗawa, ƙura ta rufe rana. Iyalai da yawa suka rasa gonaki saboda bashi da harajin da suka kasa biya, suka nufi Denver, Topeka, Kansas City da California. Zauren taron garin, wanda aka gina da farin dutse a 1939, aikin shirin gwamnati ne na samar wa marasa aiki abin yi a wannan mawuyacin lokaci.

Na biyu, wanda a ganina ya fi duka tasiri, shi ne tarakta da injin girbi da mota. Kai da kake malamin gona za ka gane lissafin nan take: idan mutum ɗaya da injinansa zai iya noma abin da a da iyali goma ke nomawa, kuma ribar kowane buhu ƙarama ce, dole gona ta faɗaɗa, iyali tara kuma su nemi wani wuri. Yau a yankin ana shuka alkama a watan Satumba, ta tsiro ta kwanta a ƙarƙashin sanyi, a girbe ta a ƙarshen Yuni zuwa Yuli, sannan a bi ta da dawa ko masara, wani lokaci a bar gonar ta huta domin ƙasa ta tara laima. (Dawar nan tamu ce ta Afirka, gajeruwa aka mai da ita domin inji ya iya yanka, kuma Kansas ce kan gaba wajen nomanta a Amurka, sai dai mafi yawanta dabbobi ake ba wa ko a sarrafa ta a yi man mota.) Mota kuma ta sa wanda ya rage a gona yana iya wuce ƙaramin gari ya je babba ya yi sayayya. Gidan wayan Nicodemus ya rufe a 1953, ba da jimawa ba makarantar ma ta bi sahu. Domin ka ga cewa wannan ciwo bai zaɓi launi ba, dubi gundumar Graham gaba ɗaya, wadda mafi yawan mutanenta Turawa ne: tana da mutum sama da 8,000 a 1910, amma a ƙidayar 2020 ba su kai 2,500 ba. Bogue ɗin da ya ƙwace kasuwar, shi ma yau ɗan ƙaramin ƙauye ne da ke fama da kansa.

Inda wariya ta yi aiki a fili shi ne wajen tantance wa zai faɗaɗa, wa zai sayar. Faɗaɗa gona da sayen inji sai da rance, kuma manoma baƙar fata a faɗin ƙasar sun daɗe suna kukan cewa ofisoshin ba da rance na ma'aikatar gona suna jan ƙafa a kan takardunsu har lokacin shuka ya wuce, ko su hana su baki ɗaya. Wannan ƙorafi ya kai ga shari'ar Pigford, wadda gwamnati ta amince ta sasanta a 1999 ta biya diyya. A 1920 manoma baƙar fata a Amurka sun haura 900,000, yau ba su kai 50,000 ba, kuma wannan faɗuwa ta fi ta Turawa tsanani nesa ba kusa ba. Saboda haka idan ka ce in jera maka dalilan, zan ce layin dogo ya karya kasuwar, fari da injina suka rage mutanen karkarar duka, wariya kuma ta sa kason baƙar fata na wahalar ya fi na kowa nauyi.

Abin da ya riƙe shi

Ƙidayar 2020 ta sami mutum 14 a Nicodemus. Ɗaruruwan ƙauyuka masu irin wannan adadi sun shafe, ko allon suna ba su bari ba. Abu uku nake gani suka bambanta wannan.

Akwai bikin shekara-shekara da aka fara tun 1878. Da farko ana yin sa ne ranar 1 ga Agusta domin tunawa da 'yanta bayi a tsibiran Karibiyan da ke ƙarƙashin Ingila a 1834, daga baya ya rikiɗe ya zama bikin dawowa gida, ana yin sa a ƙarshen makon ƙarshe na Yuli, bayan an gama girbin alkama. Ɗaruruwan jikoki da tattaɓa-kunne suna zuwa daga jihohi masu nisa. Na taɓa halarta, kuma abin da ya fi jan hankalina bai kasance jerin gwanon motoci da mahaya dawakai ba, ko gasasshen naman da ake ta ci, ko waƙoƙin cocin ranar Lahadi. Yadda ake gabatar da kai ne. Ba a tambayar mutum aikinsa, ana tambayarsa shi jinin wane gida ne, kuma wata tsohuwa a zaune a kujerar roba a inuwar zauren taro za ta warware masa dangantakarsa da wanda ke tsaye kusa da shi har kaka ta huɗu. Daga nan iyalai su ɗunguma zuwa maƙabartu su share kaburburan iyayensu, kuma har yau akwai waɗanda suka rayu a birni amma suka bar wasiyyar a kawo su nan a binne.

Sai fili. Iyalai da dama ba su sayar da gonar kakanninsu ba ko da sun daina noma ta, suna ba maƙwabta haya ne, kuma takardar haraji da ke zuwa musu kowace shekara tana tuna musu cewa suna da wuri. Wannan igiya ita ce mafi rauni a cikin ukun, domin duk lokacin da gado ya sauka a kan magada masu yawa da ke warwatse a birane, samun yardar kowa a kan riƙe gonar yana ƙara wuya, ga kuma manyan manoma da ke jira da kuɗi a hannu. 'Yan tsirarun da suka ci gaba da noma sun kafa ƙungiyar manoma baƙar fata ta Kansas a 1999, sun gwada niƙa alkamarsu su sayar da garin alkamar da sunansu, har sun gwada noman tef, hatsin nan na Habasha mai jure fari.

Na uku shi ne aikin ajiye tarihi, wanda 'yan garin ne suka tura shi da kansu, musamman Angela Bates da ƙungiyar tarihin da ta jagoranta. An ayyana garin a matsayin wurin tarihi na ƙasa a 1976, sannan a watan Nuwamban 1996 majalisar dokokin Amurka ta sa shi ƙarƙashin hukumar kula da wuraren tarihi da gandun daji. Gine-gine biyar ne aka keɓe: zauren taro, masaukin St. Francis, makaranta, tsohon cocin First Baptist da cocin A.M.E., wato na ɗarikar Methodist ta baƙar fata. Wannan ya kawo ma'aikata da masu ziyara da kuɗin gyara, amma bai kawo shago ko makaranta ko yara ba, kuma ni ina ganin ya kamata a faɗi haka ba tare da kwaskwarima ba. Abin da ke raye a Nicodemus al'umma ce da mafi yawanta ke zaune a wasu wurare, garin kuma shi ne cibiyar da suke komawa.

Bayanin nan na yammacin Kansas ne, kada ka ɗauke shi ka ɗora a kan kowane ƙauyen filayen ciyawa, domin a Kanada, alal misali, akwai ƙungiyoyin addini da suka zauna a dunƙule suna noma tare, kuma labarinsu ya bi wata hanya dabam.

Idan ka samu sarari, jami'ar da za ka je tana garin Manhattan na jihar Kansas ne, kuma babbar hanya mai lamba 24 da ta ratsa garin ita ce ta bi ta gefen Nicodemus, tafiyar kusan awa uku a mota zuwa yamma. Ka cika tanki ka riƙe ruwa da abinci, domin babu gidan mai a can. Ka fara da zauren taro, inda ake karɓar baƙi, ka kuma tuna cewa gidajen da ke kewaye na mutane ne masu zaman kansu, sai da sallama da izini ake ɗaukar hoto. In kwas ɗinka ya kai ƙarshen Yuli, to ka daidaita tafiyar da bikin, ka nemi masauki da wuri a Hill City ko Stockton, sannan ka ware rabin yini ka tsallaka kogin ka ga Bogue da rumbunsa na hatsi.